Firijin Aro

Asibitin ɗaki uku ne da baranda, in ma za a kira shi asibiti. Ɗaya na duba marasa lafiya, ɗaya na haihuwa, na ukun kuwa an rubuta masa "ɗakin magani" a ƙofa, amma abin da ya fi yawa a cikinsa kwalaye ne da ba komai a ciki. Shekara goma sha ɗaya ke nan Sista na riƙe da wurin. Ita ce ungozoma, ita ce mai allura, ita ce mai wanke ciwo, ranar da mai shara ya tashi da fushi kuma ita ce mai shara. Sunanta na gaskiya ya daɗe da ɓata a bakin mutane. Har yayanta da suka fito ciki ɗaya Sista yake ce mata.

Abu ɗaya take nema a wannan shekara, firiji. Akwai allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, allurar kuwa ba ta shiri da zafi. In ta daɗe a ɗaki mai zafi sai ƙarfinta ya riƙa zarewa a hankali, kuma ba ta canza launi balle ka gane. Wadda ta mutu da mai rai duk kamarsu ɗaya a kwalba. Garin ba wuta. An kafa turakun lantarki tun kafin a haifi Auta, har yau tsuntsaye ne kaɗai ke morarsu. Don haka Sista ke ajiye kwalaben a cikin wata tukunyar ƙasa da ta binne rabinta a jiƙaƙƙen yashi a kusurwar ɗakin magani, tana yayyafa mata ruwa safe da yamma.

Auta 'yarta ce, ta ƙarshe. A haihuwarta ta fari, shekara biyu da suka wuce, jini ya ɓalle mata a kan gadon nan, a hannun uwarta. Sista ta yi mata allura biyu daga tukunyar, kamar ruwa ta ɗura mata. Sai da aka tare motar masu ɗaukar itace aka yi tafiyar awa uku zuwa babban asibiti, can aka ƙara mata jini aka samo kanta da ƙyar. Yanzu ga ta da ciki wata biyar. Duk sanda Sista ta kalli cikin nan sai ta tuna wannan rana.

Shi ya sa da ta ji wata gidauniya mai tallafa wa lafiyar karkara za ta raba wa ƙananan asibitoci goma sha biyu firiji mai aiki da hasken rana, da farantansa da batirinsa, ba ta ko tsaya gama jin sanarwar ba. Fom ɗin shafi tara ne, a waya ake cike shi, waya kuwa ba ta kama sabis sai a kan tudun bayan makaranta. Kwana huɗu tana hawa tudun nan. Sau uku tana kaiwa shafi na takwas sabis ya ɗauke, komai ya goge. Auta na zaune a kan dutse riƙe mata da lema, tana tsokanarta.

"Mama, ranar da firijin nan ya zo ni zan fara sa ruwana a ciki."

"Ki sa mana, ki ga yadda ake korar mai ciki daga asibiti."

Bayan wata guda saƙo ya shigo. Suna cikin wurare ashirin da aka tace, kuma ranar Alhamis jami'ai za su zo su gani da idonsu, daga nan a fitar da sha biyun da suka fi buƙata.

Dole ta sanar da kwamitin asibiti, shugaban kwamitin kuwa Yaya ne, wato yayan nata. Tsohon hedimasta ne, mutumin kirki, amma irin mutanen nan ne da gara su kwana da yunwa da baƙo ya ga gindin tukunyarsu. Rigarsa ta fita biyu ce rak, amma ba wanda ya taɓa ganin ɗaya ba guga. Ta same shi a ƙofar gida ta durƙusa ta gaishe shi, ta karanta masa saƙon, sannan ta kwantar da murya.

"Yaya, don Allah kada a taɓa komai. Yadda muke ɗin nan, haka nake so su same mu."

"Haba Sista! Ni za ki koya wa tarbar baƙi? Sufeto nawa na tarba kina yarinya?"

Ta ɗauka ya yarda ke nan. Shekara hamsin da sanin mutum, amma ta ɗauka ya yarda.

Ranar Laraba da hantsi aka zo da babur daga wani ƙauye a tsallaken rafi, wata mata na naƙuda tun jiya abu ya ƙi. Sista ta ɗauki jakarta ta tafi, ba ta samu kanta ba sai washegari. Da mai babur ya dawo da ita Alhamis da rana, saura kaɗan ta ce masa ya wuce, ba nan ba ne.

An yi wa ginin fenti, shuɗi daga ƙasa zuwa ƙugu, fari daga nan zuwa sama. Tagogi sun sha labule, ta kuma gane labulen, na falon matar Yaya ne. An jera farar duwatsu a bakin hanya. A baranda, inda ta saba tarar da masu tari da masu zazzaɓi kwance a ƙasa, mata ne zaune reras a kan benci, sun yi wanka sun sha ado, kowace da ƙosasshen jariri a cinya. Auta ce a farkon layi. Ta kalli uwarta ta sunkuyar da kai.

"Ina marasa lafiyata?"

"Kawu ya ce su je gida su dawo gobe," in ji Auta a hankali. "Ni ma aikowa ya yi aka taho da ni."

Sista ta shiga ɗakin haihuwa. Katifar da ta yage an sauya ta da sabuwa, ledarta ma ba a cire ba. Bokitin da ke tare yoyo ya ɓace, ramin silin an toshe shi da kwali an shafe da farin fenti. Sai a lokacin kunnenta ya kama wata ƙara daga bayan gini. Janareta. Ta tura ƙofar ɗakin magani.

Yana tsaye a kusurwa, dogo, fari, yana gurnani. Firijin mai shagon bakin kasuwa ne, an kankare hoton lemon da ke jikinsa amma sawun na nan. Ta buɗe. Ga kwalaben allurarta an jera su a sama tsaf kamar ƙwai. Inda tukunyarta take an share yashin an goge wurin.

"Ya kika gani?"

Yaya ne a bayanta, cikin riga mai guga, fenti a gefen farcensa, bakin nan har kunne.

"Yaya, me kuka yi mini? Ina tukunyata?"

"Tana bayan gida. Wannan tukunya ai abin kunya ce, Sista. Mutane za su taso daga birni su tarar muna ajiye magani kamar masu jiƙa iri? Su ce mu waɗanne irin mutane ne?"

"Su ce mu masu buƙata ne! Abin da za su zo gani ke nan!"

"A'a. Ba wanda ke ba ƙazami kaya mai tsada. In suka ga mun iya riƙe abu, sai su ƙara mana. Na san mutanen nan."

"A fitar da shi. Yanzun nan, don girman Allah, a kira mutum huɗu a fitar da shi."

Ba ta rufe baki ba aka ji hon ɗin mota a waje, matan baranda suka miƙe da tafi kamar yadda aka koya musu.

Baƙin biyu ne, wata mata mai tabarau riƙe da babbar waya da take cike bayanai a kai, da wani mutum wanda aikinsa ɗaukar hoto. Matar ta gaji, ana gani a idonta. Ta ce nan ne wuri na uku yau, saura biyu, minti arba'in kawai suke da shi. Yaya ya cinye sha biyar da jawabi. Ya ce su mutane ne masu taimakon kansu da kansu, ba masu zaman jiran a ba su ba. Mai hoto ya ɗauki labule, ya ɗauki katifa, ya ɗauki jarirai. Ya ɗauki Auta ma, ya ce ta ɗan yi murmushi.

Aka shiga ɗakin magani. Matar ta buɗe firijin, sanyi ya bugi fuskarta, ta ɗauki kwalba ɗaya ta duba kwanan watan jikinta ta mayar. Sannan ta juyo.

"Sista, a takardarki kin rubuta ba ku da firiji. Kun samu daga baya ke nan? Yana aiki?"

Kalma biyu ce kawai za ta faɗa: na aro. Suna kan harshenta. Ta ɗaga ido sai ta ga ƙofar ta cika. Ga Yaya, ga dattawan kwamiti, ga mai shago ya harɗe hannu yana jiran a yaba kayansa. Ga tsohon mai fentin da ya wuni a kan tsani da ciwon baya bai karɓi ko sisi ba. A bayansu ga matan da suka wanke daɓen nan da hannunsu tun da sassafe. Duk sun zuba mata ido da fara'a, don a wurinsu ita suka fitar kunya. In ta buɗe baki, ta tsiraita su ke nan gaban baƙuwa, ta mai da yayanta maƙaryaci a garin da ya koyar da rabin mutanensa karatu. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi. Amma ta kasa.

"Yana aiki," ta ce.

"Kullum?"

"Da ikon Allah," Yaya ya karɓe.

Matar ta taɓa wani wuri a fuskar wayarta, ta wuce tambaya ta gaba.

A bakin mota Sista ta sake gwadawa. Ta matsa kusa da taga ta rage murya.

"Ranki ya daɗe, akwai maganar da nake so in yi miki, mu biyu."

Amma Yaya na gefen kafaɗarta yana sa a loda wa baƙi tsaraba a but ɗin mota, direba kuma ya riga ya tayar da mota. Matar ta riƙo hannunta ta taga.

"Ki rubuto mana, Sista. Gaskiya kin burge ni. Da ko'ina haka yake da mun huta. Kin san inda muka fara zuwa da safe? A tukunyar ƙasa suke ajiye allurar haihuwa. Wallahi sai da na yi ƙwalla."

Motar ta tashi. Mutane na ɗaga hannu, Sista na tsaye kamar an dasa ta.

Kafin yamma komai ya koma gidansu. Labule ya koma falo, katifa ta koma wurin mai sayar da ita, aka ɗora firiji a kura mutum huɗu na tura shi. Bokiti ya dawo ƙarƙashin silin. Fenti kaɗai ya zauna, don shi ba ya cirowa. Sista ta zagaya baya ta tarar da tukunyarta kaji na shan ruwa a ciki. Ta wanke ta, ta ɗebo sabon yashi, ta binne ta inda take, ta mai da kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka ba sai da ta zo yayyafa ruwa.

Washegari ta hau tudu ta rubuta musu gaskiya duka, ba ta rage komai ba. Shiru. Ta sake rubutawa. Bayan mako uku amsa ta zo, amma ba amsar wasiƙarta ba ce, ta kowa da kowa ce. Ba sa cikin sha biyun. A ƙasa an ƙara layi biyu na musamman: gidauniya na taya su murna, kuma za a sa hotunan asibitinsu a rahoton shekara a matsayin abin koyi ga sauran garuruwa.

Ta nemo lambar matar mai tabarau, ta kira sau bakwai kafin a ɗauka. Iska na kaɗa maganar, tana maimaita kowace kalma sau biyu. Matar ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Na yarda da ke, Sista. Wallahi na yarda. Amma me ya hana ki faɗa mini a lokacin? Na tambaye ki fa."

"Kin tambaye ni."

"Rahoton ya shiga da hotuna, masu ba da tallafin sun sa hannu, firijin ma an fara lodinsu. In na koma na ce abin da muka gani shiri ne, za a rubuta ku cikin masu ba da bayanin ƙarya, a rufe muku ƙofa gaba ɗaya. Shawarata ki yi shiru ki sake nema a zagaye na gaba."

"Yaushe ne?"

"Nan da shekara biyu, in an samu masu bayarwa."

"Ranki ya daɗe, 'yata wata biyu ya rage mata."

Ba ta san ko matar ta ji ba. Sabis ya ɗauke.

Daga tudun gidan Yaya ta nufa. Ta tarar ya riga ya ji labarin yabon, har ya sa an buga masa saƙon a takarda yana neman kafinta ya yi masa firam. Ta zauna a ƙasa gabansa ta gaya masa komai, ba ta ɗaga murya ba, don ba ta da sauran ƙarfin faɗa. Ta tuna masa ranar da aka kwantar da Auta a bayan motar itace. Ta ce masa allurar da ke tukunya ba ta san ko magani ba ce ko ruwa.

Yaya ya daɗe yana kallon takardar hannunsa. Tsufansa duk ya fito lokaci guda.

"Ni don in rufa miki asiri na yi," ya ce. "Kada su raina ki."

"Na sani, Yaya."

Abin da ya fi ci mata rai ke nan, ta sani. Da mugunta ya yi da ta samu wanda za ta tsana ta ji sanyi. Kuma in ana neman mai laifi, bakin wa ya ce yana aiki?

Ya tashi a take ya zura takalmi, suka tafi wurin mai shago su roƙa a riƙa ajiye allurar a firijinsa. Mai shago ya amsa gaisuwarsu da ƙyar. Ya nuna musu janaretan a ƙarƙashin tebur an lulluɓe shi da buhu. Dama ranar kasuwa kaɗai yake tayar da shi, na 'yan awoyi. Don firijin ya yi wa baƙi sanyi sosai aka bar shi yana aiki tun yammar Laraba har azahar ɗin Alhamis, ya ƙone ƙurmus. Firijin na nan a bayan kanta, ƙofa a buɗe, an jera sabulu a ciki.

Dabara ɗaya ta rage. Da zarar ciki ya shiga wata tara, Auta za ta koma birni wurin gwaggonta, kusa da babban asibiti. Mijinta ya yarda, aka tsai da rana, har an haɗa jaka. Sista ta riƙa lissafa kwanaki, tana duba idon Auta da tafin hannunta duk sanda ta gan ta, har Auta ta fara cewa, "Mama, ni fa ba akuya ba ce da za a kai kasuwa."

Saura kwana goma sha biyu a tafi aka fara ruwa. Kwana uku yana zuba, rafi ya cika ya haye gada, motoci suka tsaya a tsallake. A rana ta huɗu, wajen sha ɗaya na safe, aka shigo da Auta baranda, mijinta riƙe da hannu ɗaya, uwar mijin riƙe da ɗayan, zaninta a jiƙe.

Haihuwar ba ta ba da wahala ba. Kafin ƙarfe biyu jariri ya fito, namiji, ɗan ƙarami amma da murya. Sista ta miƙa shi ga uwar mijin, ta juyo. Ta san abin da za ta gani tun kafin ta duba, amma ta duba. Jini ya ɓalle.

Ta shiga ɗakin magani da gudu ta cusa hannu a tukunya. Kwalbar ba zafi, ba kuma sanyi. Ta ɗaga ta a hasken taga, ruwan ciki garau, kamar kullum. Ta fasa wuyan ta zuƙe, ta dawo ta soka a cinyar 'yarta, ta dafa marar da hannu biyu tana murzawa da duk ƙarfinta. Yoyo na ɗiga a bokiti ta gefen kwalin da aka shafa wa fenti. Ta taga tana hango Yaya tsaye cikin ruwa ba lema, rigarsa ta manne masa a jiki, ya kasa shigowa ya kasa tafiya.

Auta ta buɗe ido. Leɓɓanta sun fara yin fari.

"Mama."

"Na'am, Autata. Ina nan."

"Allurar... tana aiki?"

Sista ta kalli tsumman da ke ƙarƙashinta, ta kalli fuskar 'yarta. Muryar da ta fito mata ta gane ta, ita ce dai wadda ta amsa wa matar mai tabarau.

"Tana aiki," ta ce.

Ta miƙa hannu ɗaya ta jawo wani tsumman, ɗayan hannun bai bar murzawa ba.